Mu Zaga Ƙasarmu: Gashaka, Inda Kogi Yake Farawa

A wannan wata zan soma da labarin kunyar da na sha a cikin gidana, a gaban 'ya'yana.

Wata rana da dare muna cin tuwo, sai autarmu da take aji biyar ta ce, "Baba, wane dutse ne ya fi kowanne tsawo a Nijeriya?" Ban ko ajiye lomata ba na ce mata Dutsen Vogel ne, wanda yanzu ake ce da shi Dimlang, can wajen Ganye. Haka aka koya mana, haka ni ma na koya wa yara shekara da shekaru sa'ad da nake riƙe da alli. Yarinya ta ce, "A'a, Baba, malamarmu ta ce Chappal Waddi ne." Na ce ta koma ta sake tambaya, watakila ba ta ji da kyau ba. Sai yayanta ya ciro wayarsa ya duba. Ashe yarinya ce da gaskiya. Dimlang mita 2,042 ne. Duwatsun Shere na Jos, waɗanda 'yan'uwanmu na Filato suke taƙama da su, mita 1,829. Chappal Waddi kuwa mita 2,419, watau ƙafa 7,936. Uwargida ta yi ta dariya har ta ƙware.

Tun daga ran nan abin ya tsaya mini a rai. Gani ya kori ji. Da rani ya yi, cikin watan Fabrairu, na rataya 'yar jakata na nufi Jihar Taraba.

Dutsen nan yana kan iyakarmu da Kamaru, cikin wani babban gandun daji na gwamnatin tarayya da ake kira Gashaka-Gumti. Sunayen ƙauyuka biyu ne aka haɗa, Gashaka a kudu cikin Taraba, da Gumti a arewa cikin Adamawa. Tun 1972 aka keɓe dajin aka hana farauta a ciki. A 1991, shekarar da aka raba tsohuwar Jihar Gongola, sai aka haɗe shi wuri ɗaya ya zama gandun ƙasa. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. Wanda ya san Yankari, to, ya jera Yankari kusan uku. Babu gandun da ya kai shi girma a Nijeriya. Gefen arewa shimfiɗaɗɗen daji ne irin wanda muka saba, mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi, mazaunin gwanki da kanki da mariya da gwambaza. Ni ban bi ta can ba. Kudu na nufa, inda ƙasa take tashi sama.

Daga Jalingo na bi ta Bali na sauka Serti, inda ofishin gandun yake. Ba a shiga sai da izini, ba a kuwa tafiya sai da mai gadin daji. Aka haɗa ni da wani saurayi ɗan ƙasar, mai ƙarancin magana. Na faɗa masa Chappal Waddi nake so in hau. Ya dubi furfurata, ya dubi gwiwoyina, ya ce, "Baba, wancan ta Mambila ake bi masa, ta Nguroje, kuma tafiyar kwanaki ce a ƙafa. Ɗaya sunansa Gangirwal. Ka san me ake ce da shi da Hausa? Dutsen Mutuwa." Ya ce in dai sama nake so, mu je Chappal Hendu, wanda shi ma ya kai wajen mita 2,000. Da Fulatanci chappal tudu ne mai bisa, hendu kuwa iska. Na ce Tudun Iska ya fi mini daɗin ji.

Kafin mu kai ƙauyen Gashaka muka iske wani kogi, Mayo Kam. Nan na tsaya ina kallo kamar baƙauye ya shiga birni. Ku tuna Fabrairu ne, an yi wajen wata uku ba a ga ɗigon ruwan sama ba. A garinmu a wannan lokaci kogi ya zama rairayi, mata suna tonon rami a tsakiyarsa, suna jira ruwa ya tsattsafo su kwarfa da ƙoƙo. Amma ga Mayo Kam yana gudu a kan duwatsu, garau, har kana hangen kifi a ƙasa, ga sanyi kamar na sabuwar randa. Akwai tsage a ciki da giwan ruwa, akwai kada, akwai kuma wani gurbi mai zurfi inda dorina take wuni. Na ce wa saurayin, "Ɗana, ina ruwan nan yake fitowa, ga shi sama ta bushe?" Ya nuna da haɓarsa wajen da duwatsu suka yi shuɗi cikin hazo. Ya ce, "Can za mu, Baba. Za ka gani."

A kan wani tudu kusa da Gashaka akwai kangon ganuwar da sojan Jamus suka gina, gama ƙasar nan a dā cikin Kamaru ta Jamus take. Bayan Yaƙin Duniya na Fari ta koma hannun Ingila. A 1961 aka jefa ƙuri'a, mutanen Kamaru ta Arewa suka zaɓi su shiga Nijeriya, aka sa wa yankin suna Lardin Sardauna. Da ƙuri'ar ta faɗa wancan gefe, da malamar autata ta ba da wata amsa dabam.

Daga Gashaka sai ƙafa. Akwai tsohuwar hanyar fatake wadda take haurawa kan tuddai, ta bi ta wani kufai da ake kira Kwano, tafiyar sa'a uku ga mai ƙarfi, biyar gare ni. Wanda ya tashi a ƙasar dawa da gero bai san abin da ake nufi da kurmi ba sai ya shiga irin wannan. Itatuwa sun miƙe sak, ba reshe sai can ƙoli, rassan kuma sun haɗu sun rufe rana. Saiwoyin waɗansu sun fito waje, faffaɗa kamar katanga, har mutum ya iya ɓuya a bayansu. Ƙasa da laima, ganye ya ruɓe ya yi taushi, ƙafa tana nutsewa. Malam-buɗe-littafi iri-iri sun taru a bakin rafi. Tsuntsaye kuwa, masu lissafinsu sun rubuta iri wajen 500 a gandun nan, amma a kurmi jinsu kake yi, da wuya ka gan su. Ruwan da yake sauka a Kwano daga Afrilu zuwa Nuwamba ya kusa milimita 2,000, wajen ninki biyu na Kano.

A Kwano birai ne masu gari. Goggo yana wucewa da garkensa a ƙasa, ya dube ka sama da ƙasa kamar mai karɓar haraji. Da asuba wani ruri ya tashe ni, sai ka ce ana tada tsohon babur a kan itace. Da gari ya waye na ga mai rurin. Biri ne baƙi wuluk, farin gashi ya zubo masa ta kafaɗu kamar alkyabba, ga farin tuntu a bakin wutsiya. Ganye ne abincinsa, cikinsa a rarrabe yake kusan irin na saniya domin ya narkar da shi, ba shi kuma da babban yatsa a hannu. In ya yi tsalle daga wannan itace zuwa wancan, alkyabbar takan buɗe a iska. Ban taɓa ganin biri mai kwarjini haka ba.

Akwai kuma wani baƙin biri ƙarami mai ɗigon fari a hanci, kamar ya tsoma hancinsa cikin garin rogo. Wannan ɗan biri ya sa sunan Gashaka ya shiga bakin masana na duniya. Namijin garken yana da kuka iri biyu. In ya ga abin tsoro a ƙasa, kamar damisa, ya fi yin wani kuka mai kama da "fiyau, fiyau". In gaggafa ce daga sama, sai ya yi "hak, hak". Waɗansu masana biyu na Jami'ar St Andrews ta Sikotilan, Kate Arnold da Klaus Zuberbühler, suka bi biran suna saurare, suka lura wani lokaci yakan jera kukan, fiyau kaɗan sa'an nan hak. In ya yi haka ba damisa yake nufi ba, ba kuwa gaggafa ba. Cewa yake a tashi a tafi, garke kuwa sai ya kama hanya. Suka gwada abin, suka buga labarinsa a 2006. Watau dabba ta ɗauki kalma biyu ta haɗa, ta sami ma'ana ta uku.

Amma sarkin kurmin shi ne wanda a littafin makaranta ake rubuta cimpanzi. Mutanen nan suna ce da shi biri mai ganga, sunan kuwa ya dace. Namijin yakan ruga ya kama dukan faffaɗan saiwoyin nan da hannu da ƙafa, yana ihu, ƙarar ta ratsa kurmi ta tafi nesa, 'yan'uwansa su san inda yake. Mun ji shi da yamma a hayin rafi, dum, dum, dum. Tsikar jikina ta tashi. Da ba a gaya mini ba, da na rantse wani ƙauye ne ake biki.

Ban gan shi ba. Masanan da suka kafa sansani a Kwano tun 2000, a ƙarƙashin Farfesa Volker Sommer na wata jami'a a Landan, su ma yawancin abin da suka sani game da shi daga abin da ya bari a baya suka koya. Saurayin ya nuna mini irinsa. Can sama a kan wani itace ga sheƙa kamar ta babban tsuntsu. Kowace yamma biri mai ganga yakan lanƙwasa rassa ya yi wa kansa gado, kashegari ya yi sabo a wani wuri. A gindin wani itace kuma ga ɗan rami, ga tsinkaye uku a yashe, an zage musu ganye, bakinsu ya tattauna. Da irinsu yake tonon zumar galla, ya tsoma ya lasa. Da dogon tsinke kuma yake cin kwarkwasa. Yakan sa shi cikin raminsu, su hau da fushi, ya zare ya kai baki kafin su kai ga hannunsa. Masanan sun bincika kashinsa, suka iske ɓurɓushin kwarkwasa a wajen huɗu cikin goma. Abin mamaki, 'yan'uwansa na waɗansu ƙasashe da tsinke suke kamun gara, amma na Gashaka ba a ga suna cin gara ba, ga shi kuwa akwai suri ko'ina. Kowane gida da irin miyarsa.

Wannan irin biri mai ganga ba a samunsa ko'ina a duniya sai a Nijeriya da Kamaru. Masana sun ƙiyasta waɗanda suka rage ba su wuce 9,000 ba, watakila ma ba su kai rabin haka ba, suna kuwa zaton wajen 1,000 suna Gashaka. Macen takan haifi ɗa guda, ta yi ta goyo da reno, sai bayan shekara biyar ko shida ta sake haihuwa. Ku riƙe wannan lissafi, zan komo kansa.

Daga Kwano hanya ta miƙe tsaye. Ba zan cika ku da labarin haki da ciwon cinya ba. Mun kwana a hanya, na sha ruwa a kowane rafi, na zauna a kan kowane dutse. Abin da na lura shi ne, muna hawa zafi yana raguwa. Ka'idar ita ce duk mita 1,000 da ka hau, ma'aunin zafi yakan sauka wajen digiri 6. Da muka bar Serti gumi ya jiƙe mini riga. A kan tudu kuwa da dare na sa riga biyu, na lulluɓa da bargo, haƙorana suna kaɗawa.

Sai kurmi ya ƙare kamar an yanke shi da wuƙa, muka fito fili. Tuddai sun kwanta bi da bi har iyakar gani, duk gajeriyar ciyawa, iska tana kaɗawa ba fasawa. Wanda ya sa wa wurin suna bai yi ƙarya ba. A irin tuddan nan ake samun kwanta-rafin dutse, a kan tsaunuka kuma gadar dutse, wadda take tsayawa a kan tsinin kofatonta, ƙafa huɗu a wurin da bai fi tafin hannu ba. Ba su yarda na gan su ba. Abin da na gani shi ne, a kowane lungu tsakanin tudu da tudu akwai ɗan kurmi a maƙale, baƙi ƙirin saboda duhun ganye. Saurayin ya ce, "Baba, ka tambaye ni ruwa. Zo."

Muka gangara cikin ɗaya. Itatuwan nan ba su da tsawo kamar na Kwano, a karkace suke, gansakuka ta lulluɓe su, tana reto daga rassa kamar gemun tsoho. Da sassafe ne, hazo bai tashi ba tukuna. Na ji ɗis, ɗis a kan hulata. Ba ruwan sama ba ne. Hazon ne yake bi ta cikin rassa, gansakuka da ganye suna kama shi, yana taruwa yana ɗiga. Na durƙusa na tura hannu cikin ruɓaɓɓen ganyen da yake ƙasa, na matse, ruwa ya fito ta tsakanin yatsuna. Taki kaɗan daga nan, a ƙarƙashin wata saiwa, ga ruwa yana ɓuɓɓugowa, bai fi kaurin sandar makiyayi ba. Saurayin ya ce, "Ga kogin."

Ga yadda abin yake. Da damina iska takan taso daga teku ɗauke da laima. In ta iske dutse sai ta hau, in ta hau ta yi sanyi, in ta yi sanyi ta zubar da ruwanta. Shi ya sa tuddan nan suke samun ruwa mai yawa. Amma samu dabam, riƙewa dabam. Inda akwai kurmi, ganye yakan tare ruwan ya sauka a hankali, ƙasa mai taushi ta shanye kamar soso, saiwoyi su riƙe ƙasar kada ta tafi. Sa'an nan ta riƙa sakinsa kaɗan kaɗan har ƙarshen rani. Inda ba kurmi, ruwan yakan faɗo a kan tsandauri ya gudu gaba ɗaya, ya kwashi ƙasa ya yi ja, cikin 'yan kwanaki ya wuce. 'Yan idanun ruwa irin wanda na gani, da yawa ƙwarai, su ne suke haɗuwa su zama Mayo Kam da Mayo Gamgam da Mayo Yim da sauransu. Waɗannan su ne suke ciyar da Kogin Taraba, Taraba ya wuce ta Bali ya faɗa Binuwai, Binuwai ya bi ta Ibi da Makurɗi ya sadu da Kwara a Lakwaja. Mai noman rani a fadamar Gassol da masunci a Ibi, yawancinsu ba su taɓa jin sunan Hendu ba, amma daga wannan randa suke sha.

Ban ce saran kurmi ne ya kawo ambaliyar Binuwai ta 2012 da ta 2022 ba. Akwai yawan ruwan sama, akwai kuma sakin ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru. Abin da na ce shi ne, kogin da aka aske masa kai yakan yi hauka da damina, ya mutu da rani.

To, ba dabbobi kaɗai suke kan tuddan ba. Akwai mutane. Sama ba ƙudan tsando, saboda haka shanu ba sa kamuwa da sammore, ga ciyawa, ga ruwa. Wane makiyayi ne zai ga haka ya wuce? Sa'ad da aka keɓe dajin, gwamnati ba ta kori waɗanda ta iske ba. Ta shata musu wurare, kamar Filinga da Sabere da Hendu ɗin kansa, ta ce su yi kiwo da noma a ciki, kada su ƙetare. A rugar wani dattijo muka sauka. Aka kawo mana kindirmo a ƙwarya, wanda rabona da irinsa tun ina yaro.

Na ga tuddai da yawa sun yi baƙi da toka, na tambaye shi. Ya ce, "Malam, tsohuwar ciyawa saniya ba ta cinta. In ka sa wuta, kwana kaɗan sabon tsiro ya fito, kaska ma ta mutu. Haka na iske mahaifina yana yi." Na ce, "Gaskiya ne, Baffa, amma wutar tana tsayawa a ciyawa?" Ya yi shiru. Can ya ce, "In an sa da wuri, ciyawa da sauran ɗanye, tana tsayawa. In an makara, ba mai tsai da ita sai Allah." Ya ce a zamanin mahaifinsa rugage kaɗan ne a nan. Yanzu kuwa burtali ya toshe a ƙasa, gonaki sun cinye makiyaya, rikici ya yi yawa, kowa sai ya koro shanunsa sama, har da baƙin da ba su san dokar wurin ba, ba su kuwa damu ba, gama baɗi ba nan za su kwana ba. Ya ce, "Ku mutanen birni in kun zo, biri kuke tambaya. Ba wanda ya taɓa tambayata ina jikokina za su yi kiwo."

Ban sami amsar da zan ba shi ba. Mutumin nan ba mugu ba ne, bai kuwa faɗi ƙarya ba. Ni kaina na sha sa wa gonata wuta don gudun wahalar shara. Amma shi da kansa ya kai ni bayan rugarsa ya nuna mini wani lungu. Ya ce yana saurayi kurmi ne, a nan matansu suke ɗibar ruwa. Wuta ta riƙa lasar bakinsa shekara shekara, bana taki biyu, baɗi taki uku, shanu kuma suna shiga suna tattake 'yan tsiron da za su maye gurbi. Yanzu kututture ne 'yan kaɗan da jan kwazazzabo. Na sauka na duba. Ko laima babu. Muna tsaye sai ga 'yan mata biyu da ƙore a kā, sun fito daga wani lungu can hayi, tafiyar da ta fi rabin sa'a.

A hanyarmu ta komowa saurayin ya saki baki, watakila don ya ga na daina haki. Ya ba ni labarin abin da dajin ya sha. A 1983 cutar bushiya ta ratsa Nijeriya ta kashe shanu ba iyaka, ta shiga daji ta kwantar da ɓauna da sauran namun daji. Ita dai an gama da ita, gama a 2011 aka sanar an kawar da ita daga duniya. Zaki da kyarkeci kuwa, waɗanda tsofaffi suke ba da labarinsu, an daɗe ba a ga ko sawunsu ba. Daga wajen 2014 kuma sai ga cinikin icen madobiya, wanda 'yan kasuwa suke kira madrid, ana jigilarsa zuwa Sin. Manyan motoci suka yi ta kwasa daga Taraba, da na waje ya ƙare masu sara suka fara leƙen gandun. Ga masu haƙar ma'adinai a bakin rafuka. Waɗansu masu gadi sun rasa rayukansu a bakin wannan aiki. Ya ce tun 2017, da wata ƙungiya mai zaman kanta, Africa Nature Investors, ta ƙulla yarjejeniyar shekara 30 da hukumar gandayen ƙasa, an ƙara horar da su, an ba su kayan aiki. Na'urorin ɗaukar hoto da ake ɗaurewa a jikin itace sun nuna har yanzu akwai damisa, akwai manyan aladun kurmi.

Muna cikin magana sai ya ɗaga hannu ya tsai da ni. Ya tsuguna a gefen hanya, ya janye ganye, ya zaro wata waya irin ta birkin keke, an yi mata zarge an ɗaure a jikin wani ɗan itace da aka tanƙwara. Ya kwance ya naɗe ya sa a jaka. Ya ce tarkon gada ne ko alade, amma waya ba ta zaɓe. Biri mai ganga ma a ƙasa yake tafiya, in ta kama masa hannu, ko ya tsira, hannun ya tafi.

Sai ya tambaye ni, ba tare da ya dube ni ba, "Baba, a garinku ana cin naman biri?"

Na ce ana ci.

Ya ce, "Mutanen nan wurin yawancinsu Musulmi ne, ba sa ci. Shi ya sa biran suka kai yau. Wanda aka harba a nan, ƙyafe shi ake yi a kai kasuwa, can inda ake ci."

Masu karatu, maganar nan ta shige ni. Na san ba zunubi ba ne cin nama, ba kuwa ina so in kafa wa kowa sabuwar doka a kan tukunyarsa ba. Amma mu faɗi gaskiya. Bandar naman daji da ake jerawa a bakin hanya, wanda mukan tsaya mu saya mu kai wa iyali tsaraba, har mu kai wa fasto, ba mu cika tambayar daga ina ya fito ba. In ya ƙyafu ya yi baƙi, wa zai bambanta cinyar mazo da ta biri? Maharbi ba ya kwana huɗu a kurmi don sha'awa, mai saye ne ya aike shi. Ku komo kan lissafin da na ce ku riƙe. Uwar da take haihuwa sau ɗaya a shekara biyar, in aka harbe ta, ba ita kaɗai aka kashe ba, gama ɗan da yake bayanta ba zai rayu ba. Biran nan kuwa da tsuntsaye, su ne suke cin 'ya'yan itatuwa su kai ƙwayar nesa su yar da ita da takinta. Yawancin itatuwan kurmi haka ake shuka su. Ba wanda ya taɓa ɗaukar fartanya ya dasa kurmin da yake riƙe ruwan Mayo Kam.

Mai son zuwa, rani ne lokacinsa, daga Disamba zuwa Maris. Ya tambayi halin hanya kafin ya tashi, ya fara ta ofishin Serti, ya riƙe takalmi mai ƙwari da bargo. Kada ya ce ai Nijeriya ce, ba sanyi.

Na iso gida da ƙafa a kumbure. Ban ko zauna ba autar ta tare ni a ƙofa. "Baba, ka hau dutsen?" Na ce ban hau ba, na dai hau ƙanensa. "Ka ga biri mai ganga?" Na ce ban gani ba, gangarsa na ji, na ga gadonsa da cokalinsa. Ta ɓata fuska ta ce, "To, me ka gani ke nan?" Na ce ta kawo mini ruwa tukuna in sha. Ta tafi randa ta komo ta ce saura kaɗan, mai ruwa bai zo ba yau kwana biyu, rijiyar unguwa ta ja baya.